Rabin kwalba a firij: yadda wani gida ya yi fama da ajiyar fakta 8 bayan an haɗa ta da ruwa

Asalin lamarin

Yaron gidan da ake magana a kai ɗan shekara 6 ne a farkon 2024, nauyinsa kilo 20, suna zaune a wani gari na Arewa maso Yamma da ke da tafiyar awa uku a mota zuwa asibitin koyarwa mafi kusa. Babansa tela ne a bakin kasuwa, mamansa tana sayar da zoɓo da kunun aya a gida, shi ya sa ma suke da firij tun farko. Ciwonsa hemofiliya A mai tsanani, wato sinadarin daskarar da jini da ake kira fakta 8 bai kai kashi 1 cikin 100 ba a jininsa, alhali mai lafiya yana da tsakanin 50 zuwa 150.

Abin ya nuna kansa tun yana jariri, ranar da wanzami ya cire masa beli jinin ya ƙi tsayawa sai da aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin jini. Da ya fara rarrafe kuma sai tabo baƙi-baƙi a gwiwoyi da goshi, har dangin uba suka fara yi wa uwar kallon mai sakaci. Sai yana shekara 3 aka yi gwaji aka gano. A nan ne kakarsa ta wajen uwa ta tuna da ɗanta, kawun yaron kenan, da ya rasu 'yan kwanaki bayan kaciya shekaru da yawa baya, lokacin aka ce hannu aka sa masa. Haka ciwon yake tafiya dama, mata ke ɗauke da shi, 'ya'ya maza yake kamawa galibi, kusan ɗaya cikin maza 5,000 da ake haifa.

A riƙe zancen kaciyar nan don za a sake haɗuwa da shi. Sa'anninsa an fara yi musu, shi kuwa likita ta ce ba mai taɓa shi sai a asibiti kuma sai da fakta a hannu wadda za ta isa kwanaki da dama. Uban ya sa wannan a ransa, duk kwalbar da ta shigo gidan kallon ta kaciya yake yi mata.

Abin da ke cikin kwalin

Fakta 8 ba a ruwa take zuwa ba. Busasshen gari ne fari, ɗan dunƙule a gindin ƙaramar kwalba, an daskarar da shi an tsotse ruwan tun a masana'anta. Wata daga jinin mutane ake tace ta, wata kuma ƙera ta ake yi ba da jinin kowa ba, irin ta biyun nan a 1992 ta fara shiga kasuwa. A kwali ɗaya za ka samu kwalbar garin da ruwan haɗinta da wata 'yar roba mai haɗa bakin kwalaben biyu wadda ke da matata a ciki, sai allurar bataflai, wato ƙaramar allurar jijiya mai fikafikan roba. Da yunit ake auna ƙarfinta, akwai mai 250, mai 500, mai 1000 har sama.

Lissafin ba wuya. Yunit ɗaya a kan kowane kilo na jiki yana ɗaga fakta a jini da kusan kashi 2. Yaro mai kilo 20 in aka ba shi 500 zai kai wajen kashi 50, wanda ya isa ga jinin da ya zuba a gaɓa, in aka ba shi 1000 zai kai wajen 100. Kuma ba ta zama a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabi ya tafi, a ƙananan yara ma ta fi saurin tafiya.

Takardar cikin kwalin irin wadda suka samu ta ce a ajiye garin a digiri 2 zuwa 8, kar a bari ya daskare, ana iya barinsa a ɗaki har wata 6 in zafin bai wuce 30 ba amma a rubuta ranar da aka fito da shi kuma kar a mayar firij. In an haɗa da ruwa a yi allurar cikin awa 3, kar a sa a firij, abin da ya rage a zubar. Kowane kamfani da nasa adadin fa, wani 25 zai ce ba 30 ba, wani wata 3 wani shekara guda, don haka ba a ɗauko ƙa'idar wannan kwalin a ɗora wa wancan. Takardar da Turanci take, rubutu ƙanana kamar ba a so a karanta, kuma ba wanda ya warware ta a gidan.

Saye kam ba a maganarsa, tela ba zai iya ba. Akasarin abin da ke zuwa hannun iyalai a Najeriya gudummawa ce ta ƙungiyar masu hemofiliya ta duniya, WFH, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada, ta hannun ƙungiyar Haemophilia Foundation of Nigeria da aka kafa a 2005, daga nan a raba wa asibitoci. Abin kyauta ne, girman kwalbar da ta samu ita ake bayarwa.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: an fara allura a gida

A Janairu asibitin koyarwa ya ba su kwalba 6, duk masu 1000, ruwan haɗin kowace mil 5, wato mililita 5, aka sa musu a cikin kula da ƙanƙara suka taho. A takardar likita an rubuta yunit 500 in gaɓa ta kumbura, a maimaita washegari in bai saki ba. Wata nas maƙwabciyarsu da ke aiki a asibitin garin ta yarda za ta riƙa yi masa.

Cikin Fabrairu idon sawunsa na hagu ya kumbura. Nas ɗin ta ciro kwali daga firij da sanyinsa, ta haɗa kwalaben nan take, ruwan ya zuba kan garin, da ta ga bai narke da wuri ba sai ta kama girgizawa da ƙarfi yadda ta saba yi wa garin allurar antibayotik, kwalbar ta cika da kumfa fari fat har wuya. Ta ɗan jira, ta zuƙo abin da ya zuƙu a sirinji, sauran kumfan ya maƙale a jikin kwalba. Ta ba shi duka. Kafin washegari da yamma yaro ya taka ƙafarsa.

Uban yana tsaye yana kallo, kuma shi mutum ne da ya saba lissafin yadi. Likita ta rubuta 500, an ɗura 1000. Saura kwalba 5.

Maris 2024: rabi yau, rabi gobe

An kama azumi 11 ga Maris, zafi ya haura digiri 40 da rana, wuta kuma awa uku ko huɗu ake samu da daddare in an ci sa'a. A satin farko na azumin yaro ya dawo daga islamiyya da safe yana ɗingishi, ya ce Umma gwiwata tana zafi daga ciki. Uban ya ce a ɗan jira a gani ko za ta saki da kanta, aka sa ƙanƙara a tsumma aka ɗaure. Sai bayan an sha ruwa, wajen awa 10 kenan, aka kira nas, lokacin gwiwar dama ta kai santimita 27 a zagaye, ta hagu 24.

"Sista, tunda rabi likita ta rubuta, ki ba shi rabin, sauran mu ajiye zuwa gobe, ai ga firij nan."

"Malam, an ce fa ba a ajiyewa in an haɗa."

"To zubarwa za a yi Sista? Abin da ko keken ɗinkina na sayar ba zan iya saye ba?"

Ba ta da amsar wannan. Ta ba shi mil 2.5, sauran ta bar shi a sirinjin ta toshe bakin da sabuwar allura mai marfi, aka naɗe a leda aka sa a ƙofar firij kusa da robobin zoɓo. Zafin gwiwar ya ragu a daren. Washegari bayan awa 22 aka ɗura masa rabin da ya kwana, ruwan garau yake ba abin da ido ya gani, amma kumburin bai ƙara sauka ba, kuma a rana ta huɗu gwiwar ta sake cika har ta fi da. Aka buɗe kwalba ta uku, aka sake yin yadda aka yi, rabi sabo rabi kwantai. Sai da ya yi kusan sati biyu bai je makaranta ba.

A cikin wannan tsakanin mai kemis na unguwa ya kawo shawarar a fasa murfin kwalbar a raba garin biyu tun yana busasshe. Nas ɗin ta ce wannan kam ba da ita ba, ba a yi ba.

Afrilu 2024: firizar mai ƙanƙara

Bayan ƙaramar sallah gwiwar nan ta dama ta sake tashi. Zuwa lokacin uban ya riga ya yanke cewa laifin firij ɗinsu ne, ba ya riƙe sanyi, kuma da gaskiyarsa ta wannan fannin, in ka sa hannu da la'asar zoɓon ma ɗumi-ɗumi yake. Sai ya ɗauki rabin da ya rage daga kwalba ta huɗu ya kai wa wani abokinsa mai sayar da ƙanƙara da ke kwana da janareta, ya haɗa har da kwalaye biyun da ba a buɗe ba, aka tura su can ƙasan firiza.

Washegari sirinjin ya zama dutse. Ya riƙe shi a tafin hannu har ya narke, da nas ta ɗaga shi ta taga sai ga wasu 'yan zare-zare farare suna yawo a ciki. Ta ce Malam wannan ba zan sa wa ɗanka a jijiya ba ko me za ka ce, aka zubar. Da aka duba kwalayen kuma kwalbar ruwan haɗin ɗaya ta tsage, ruwan ya tsiyaye ya jiƙa kwalin. Ya je kemis ya sayo ruwan allura zai maye gurbinsa, nas ta ce a tsaya a kira asibiti tukuna, don wasu kamfanonin tsabtataccen ruwa zalla ne ruwan haɗinsu wasu kuma ruwan gishiri ne, kuma yawan mil ɗin ma ya bambanta. Aka kira, aka ce a ware wannan kwalbar kar a taɓa ta sai an zo da ita. Ba a faɗa wa asibitin zancen rabi-rabi ba a wannan wayar.

Mayu 2024: zazzaɓi

Gwiwar ta sake kumbura karo na huɗu cikin wata uku. Aka buɗe kwalba ta biyar, rabi a jiki rabi a firij ɗin gida kamar da. Washegari nas tana aikin dare ba ta samu zuwa ba, sai jibi da safe, rabin ya yi wajen awa 40 a ajiye, kuma a cikin awa 40 ɗin wuta sau ɗaya ta zo, yara masu sayen zoɓo kuwa ba su fasa sa a buɗe firij ɗin ba.

Minti 40 bayan allurar yaro ya kama rawar ɗari haƙora na haɗuwa, jiki ya ɗau zafi, ya yi amai. A asibitin garin ma'auni ya nuna 39.2, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Wani ma'aikaci ya ɗauko allurar ɗuwawu ta rage zazzaɓi, uwar ta riƙe hannunsa ta ce don Allah ɗan'uwa kar ka yi, ba a yi masa allura a tsoka, kuma banda asfirin da ibufurofen da dikulofenak, farasitamol kawai. Wannan ta haddace shi tun ranar da aka gano ciwon. Aka ɗauki mota a daren zuwa asibitin koyarwa, aka kwantar da shi kwana 5 ana ba shi antibayotik ta jijiya, zazzaɓin ya sauka a rana ta biyu. Sirinjin an riga an jefar a shara don haka ba a samu an gwada abin da ke ciki ba.

Yuni 2024: gwaje-gwaje

Abin da ya fara zuwa ran likitar ba ajiya ba ne. Yaron da ake ba fakta gwiwa ba ta saki, abin tsoro na farko shi ne ko jikinsa ya fara yaƙar maganin, wato garkuwar jiki ta ƙera abin da ke kashe fakta da zarar ta shiga, kuma wannan yana samun kusan kashi 30 cikin 100 na masu hemofiliya A mai tsanani, galibi a allurai 50 na farko. In haka ne to magana ta canza gaba ɗaya don maganin masu wannan matsala ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Aka ɗebi jini aka aika gwajin Bethesda, wanda ke nuna ko jiki na yaƙar faktar.

Sai ta yi wata dabara. Maimakon ta ɗauko fakta daga ma'ajiyar asibiti, ta ce a kawo kwalba ta shida, waccan da ta sha zafin firij marar wuta ta kuma kwana a firiza, ta samo mata ruwan haɗi irin nata. A jikin kwalbar an buga ainihin ƙarfinta, yunit 1,040, don 1000 ɗin suna ne kawai. An ɗebi jini kafin allura, aka haɗa a gabanta a hankali, aka ba shi duka, aka sake ɗiba bayan minti 30. Kafin allura ƙasa da kashi 1, bayanta kashi 91, lissafi ya ce wajen 104. Bayan sati biyu sakamakon Bethesda ya dawo ƙasa da 0.6, wato babu. Da harbi ɗaya ta wanke jikin yaron daga zargi ta kuma wanke busasshen garin, abin da ya rage a tuhuma shi ne abin da ke faruwa bayan ruwa ya taɓa shi.

Uwar ce ta fasa ƙwan. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce Maman yaro, garin madara nawa yake yi a gwangwani, aka ce watanni, ta ce in kika dama shi da safe a wannan zafin fa, aka ce kafin la'asar ya yi tsami, ta ce to wannan ma haka, sai dai shi ba ya wari ba ya canza kala, kuma ba ciki yake zuwa ba jijiya yake shiga kai tsaye. Ta ƙara da cewa ba a sa masa sinadarin hana ƙwayoyin cuta ko kaɗan, cikinsa furotin ne da sukari ko makamancinsa da aka sa don riƙe shi, abincin ƙwayoyin cuta kenan. Girgiza kuma tana lalata furotin ɗin a cikin kumfa, wanda bai lalace ba ma ya maƙale a kwalba bai shiga yaro ba. Daskarewa da narkewa na sa shi ya dunƙule, zare-zaren Afrilu kenan.

Da uban ya kawo zancen kaciya sai ta ce Malam ai ta kaciya daban ake nema, asibiti ne ke rubutawa a ware wa aikin tiyata nasa, ba daga kason gida ake tarawa ba. Ya yi shiru. Kwalba shida sun ƙare ko ɗaya bai tara ba, gwiwar dama kuma ta shiga sahun gaɓar da jini ya saba mata, don duk gaɓar da ta zubar sau uku ko fiye cikin wata 6 haka ake ɗaukarta.

Yuli zuwa Satumba 2024: sabon tsari

Abu na farko da aka canza shi ne girman kwalba. A kason Yuli an samu masu 250 da masu 500, likitar ta ware masa daga ciki ta ɗora shi a kan allurar kariya ta wata uku, yunit 250 sau biyu a sati ko ba kumburi, wato 12.5 a kan kilo, wanda ya faɗa cikin ƙaramin ma'aunin 10 zuwa 15 da jagorar WFH ta 2020 ta ambata don wuraren da fakta ke ƙaranci. Masu 500 kuma na ranar da jini ya zuba ne. Kwalba ɗaya allura ɗaya, ba saura balle a yi gardamar ajiya.

Aka kira nas ɗin ta wuni a asibitin ta ga yadda ake haɗawa, ga yadda take yi yanzu. Ba a taɓa kwali sai ta iso da ƙafarta, ta wanke hannu da sabulu, ta ɗaure hannun yaro ta laluba ta ji jijiya ta tashi, in ta ɓuya a ba shi ruwa ya sha a ɗora tsumma mai ɗumi a wurin. Sai ta tabbatar za ta samu sannan a fito da kwalaben, ta riƙe su a tafin hannu har sanyin ya fita, ba wuta ba ruwan zafi ba rana. Ta goge robar bakin kowace da sifirit ta bari ya bushe, ta haɗa, ruwan ya gangara, sai ta aje kwalbar a kan faranti tana juya ta a hankali tana zagaye da ita har dunƙulen ya ɓace. Ta ɗaga ta taga, in da gurɓata ko wani ɗigo ba a amfani da ita. Ta zuƙo ta cikin matatar nan da sirinjin roba, don fakta 8 tana manne wa sirinjin gilashi, ba a haɗa ta da ruwan ƙarin ruwa ko wani magani, ta tura a hankali cikin 'yan mintuna, ta zare, uwar ta danna auduga minti 5 cur. Daga haɗawa zuwa gamawa bai fi minti 15 ba.

Uwar ta samu littafi mai layi, kowace allura tana rubuta rana, lokacin da aka haɗa, lokacin da aka yi, yunit nawa, wace gaɓa, ta ɓare 'yar takardar lambar kwalbar ta manna a gefe. Aka sayi ma'aunin zafi aka sa a firij ɗin gidan na sati guda, da asuba yana nuna 7 ko 8, da la'asar 19, ranar da wuta ba ta zo ba har 24, ɗakin kuwa mai rufin kwano 34 zuwa 36. Daga nan likitar ta ce a daina kiran wannan ajiyar firij, duk kwalbar da ta shigo gidan a ɗauka ta fita daga sanyi tun ranar, a rubuta kwanan watan a kwali a fara ƙirga wata 6. Na sati biyu kawai ake barin a gida, sauran aka kai firijin sola na ɗakin magani a asibitin garin, ba na rigakafi ba, wancan ba a yarda a sa masa komai. In za a ɗauko a cikin kula kuma sai a bar ƙanƙarar ta fara narkewa har a ji ruwa na motsi a ciki, a sa kwali ko tsumma tsakaninta da maganin.

Sauran ƙa'ida ɗaya, in jini ya zuba a yi allura cikin awa 2, ba jiran a gani, kuma in ranar mai 1000 ce kawai a hannu a ba shi duka. Cikin watanni ukun gwiwar dama ba ta kumbura ba ko sau ɗaya, aka fara masa motsa jiki a hankali.

Oktoba 2024: Arewa a duhu

A ƙarshen Oktoba layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da sati ba wuta, firij ɗin gidan ya zama kabad. Na asibitin garin bai ji komai ba tunda sola ne. Kwalaye huɗun da ke gida uwar ta sa su a roba mai murfi ta rufe ruf, ta sa robar a ƙaramar tukunya, ƙaramar a cikin babba, ta cika tsakaninsu da yashi mai laima ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, dabarar nan da Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa a shekarun 1990 don ajiye tumatir da alayyahu har ya samu kyautar Rolex a 2000. Safe da yamma tana zuba wa yashin ruwa tana duba ma'auni, ciki 24 zuwa 27 lokacin da ɗakin ke 33 zuwa 35. Wannan ba ya kusa da 2 zuwa 8, aikinsa kawai ya riƙe busasshen gari ƙasa da 30, kuma da damina in iska ta yi laima ba ya ja haka. An yi allura biyu daga waɗannan kwalaye a kwanakin, ɗaya ta gwiwar hannu ce, ta saki cikin kwana ɗaya.

Disamba 2024: kaciya

An yi ta a asibitin koyarwa cikin hunturu da faktar da asibitin ya nema don aikin. An ba shi kafin a fara da kuma kwanakin da suka biyo baya tare da maganin tiranezamik mai taimaka wa jini ya tsaya, kowace allura sabuwar kwalba a bakin gado. Ya ɗan yi tsattsafin jini a rana ta uku aka ƙara masa allura ɗaya, aka sallame su ya warke a gida.

Abin da na gani a lamarin

Lissafin uban a takarda ba shirme ba ne. In ka ba yaron 1000 lokaci guda zai tashi 100, bayan awa 12 wajen 50, bayan awa 24 wajen 25. In ka ba shi 500 yau 500 gobe kuma na goben yana da cikakken ƙarfinsa, a rana ta biyu zai fi wancan yawa a jini. Kuma ba wai fakta na mutuwa ne da cikar awa 3 da minti ɗaya ba, a manyan asibitoci ana rataya ta a famfo tana shiga majiyyacin tiyata a hankali na awanni masu yawa, sai dai can a ɗaki mai tsabta aka haɗa, a rufe take, da irin da aka gwada aka san tana jurewa, kuma ana auna jinin majiyyacin kullum. A ƙofar firijin zoɓo ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rabi huɗu aka ajiye, biyu an yi ba a ga amfaninsu ba, ɗaya an zubar, ɗaya zazzaɓi ya biyo bayansa, kuma ko da ba a kama ƙwayar cuta a hannu ba, rawar ɗari minti 40 bayan ruwan da ya yi awa 40 yana ɗumi yana sanyi ba ta da wani bayani da ya fi wannan kusa.

Amma ni a ganina abin da ya fi cin gwiwar nan jiran awa 10 ne na Maris da irinsa da suka biyo baya, ba firij kaɗai ba. Jinin da ya riga ya cika gaɓa fakta ba ta kwashe shi, tsayar da sabo kawai take yi, kuma gaɓar da ta sha jini sau ɗaya ta fi saurin sake zubarwa. Jiran da rabawar tushensu ɗaya, tsoron kar kwalba ta ƙare kafin kaciya, tsoron da magana ɗaya ta kawar a Yuni wadda da an faɗe ta a Janairu da ba a zo nan ba. Haka kuma wanda ya miƙa wa tela takarda mai cewa 500 da kwalba mai cewa 1000 bai ce masa ga yadda za a yi da sauran ba, ya bar masa tambayar da dole ya amsa da kansa, kuma duk mai tattali irin amsar da zai bayar kenan. Nas ɗin ta san ba a ajiyewa amma ba ta san dalili ba, shi ya sa ta kasa tsayawa a Maris, ta tsaya a Afrilu da idonta ya ga zare.

Abin da ya yi aiki da gaske ƙananan kwalabe ne, sun cire gardamar daga tushe, sauran duk tallafi ne, kuma wannan ba a hannun gidan yake ba. Gwiwar dama har yanzu ba ta miƙewa sarai, saura kamar digiri 10, yana ci gaba da motsa jiki. Kason Maris 2025 ya sake zuwa duk masu 1000, allurar kariya ba ta samu an sabunta ta ba, an koma jiran zubar jini, kwalba guda a kowane karo.